Tebur mai mugun suna: hanyar da za ka zaɓa kafin ka biya mai gyara

Duk wanda ya gaji rumbun bayanan da wani ya gina ya san wannan ciwon kai: tebur mai suna order ko user, kalmomin da SQL, harshen da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, ya riga ya keɓe wa kansa, ko "Order Details" da fili a tsakiya, irin na Northwind, rumbun misali da Microsoft ya daɗe yana koyarwa da shi.

Hanya mafi arha ita ce ka riƙa kulle sunan cikin alama har abada, gwargwadon manhajar rumbun da kake amfani da ita: alamar zance a PostgreSQL da Oracle, baka mai kusurwa a SQL Server, alamar ` a MySQL. Yau kyauta ce, amma duk sabon ma'aikaci sai ya yi tuntuɓe da ita. SYNONYM kuwa, wato ba teburin wani laƙabi, lulluɓi ne kawai.

Shawarata ita ce a canza sunan kwata-kwata zuwa ƙananan haruffa, kamar order_details, sannan a ƙirƙiri VIEW, wato tagar da ke nuna abin da ke cikin teburin, da tsohon sunan don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki. A wannan aikin ba ni da na biyun PostgreSQL. Kana iya yin duka biyun tsakanin BEGIN da COMMIT, umarnin buɗe aiki da na tabbatar da shi, in wani abu ya lalace ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake, abin da MySQL da Oracle ba sa yi maka. Tun sigar PostgreSQL 9.3 ta 2013, VIEW mai sauƙi yana karɓar INSERT da UPDATE, wato shigar da bayanai da gyara su. Alaƙar da ke tsakanin tebura tana bin sabon sunan da kanta. Sai dai lambar da aka rubuta cikin FUNCTION, wannan da hannu za ka gyara. Ka kula da iyakar PostgreSQL: suna ba ya wuce bayit 63, in ya wuce ya datse shi da ɗan gargaɗi kawai. Ɗ da ƙ kuma bayit biyu-biyu suke ci, don haka dalibai ya fi ɗalibai lafiya a sunan tebur.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne MySQL da babban harafi. Wani ɗan kwangila ya taɓa miƙo mana aikin da ya gina a Windows, inda Users da users abu ɗaya ne. Da muka ɗora a Linux, rabin shafukan suka ce babu teburin. Tun MySQL 8.0 kuma, ba a canza lower_case_table_names, saitin da ke kula da wannan bambancin haruffa, bayan an kafa rumbun.

Ka yi hattara da masu tallan "cikakken tsari" da ke buɗe sabon tebur kowace shekara, sakamako_2023, sakamako_2024. Irin waɗannan sukan manna sunan teburin kai tsaye daga abin da mai amfani ya shigar, alhali gurbin ?, alamar da ake sawa a umarnin SQL don kare bayanai, ba ya aiki a kan sunan tebur. Ƙofar ɓarayi ke nan a buɗe. Tambayi mai gyaran ko yana amfani da quote_ident ko QUOTENAME, masu kulle suna cikin alama, ko jerin sunayen da aka amince da su. In ya fara kame-kame, kada ka ba shi ko sisi. Haka manhajojin ƙaura da rumbun bayanai da aka fasa ake rabawa kyauta: kalmar sirrin rumbunka kake miƙa musu. Kafin ka biya kafin alƙalami, sa ya nuna maka jerin sunayen teburansa, kuma ya gwada aikin a kan kwafi a Linux a gabanka.