Yaya, ga abin da za ka tarar in ka sauka Istanbul

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan ku da iyali kuna lafiya, a gaishe min da Hajiya da kyau. Tunda ka ce bayan Sallah za ka shigo saro kaya, gara ka san halin filin jirgin nan tun kafin ka taso.

Filin sabo ne. A watan Oktoba na 2018 aka buɗe shi, a Afrilun 2019 aka kwaso jiragen fasinja daga tsohon filin Ataturk aka dawo da su nan. Girmansa sai wanda ya gani. Daga bakin jirgi zuwa wurin buga hatimi tafiya ce mai nisa, don haka ka sa takalmi mara takura. Ka riƙe takardar otal da tikitin komawa a hannu, don jami'in shige da fice yana iya tambaya.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne, tun daga saukarka har ka ɗauki jakarka babu mai bin ka yana neman na goro. Kowa na kan aikinsa. Wuta ba ta ƙiftawa, banɗaki tsaf, ga masallatai da wurin alwala, na maza daban na mata daban. Wallahi duk sanda na bi ta nan sai na ji ciwo a raina, domin ba wani sihiri ba ne, kula ce da gyara a kan lokaci, kuma mu ma za mu iya.

Sai dai duk abin da ake sayarwa a ciki tsada gare shi. Shayi da simit, wato burodinsu mai riɗi, kuɗinsu ya ninka na cikin gari. 'Yan canjin filin ma haka suke, kuma ba kamar Wapa ta Kano ba ne da za ka tsaya ku yi ciniki. Abin da ke kan allo shi ke nan. Ka canza kaɗan na mota, sauran dalarka ka bari sai ka shiga Laleli, unguwar 'yan saro kaya a cikin gari. Layin waya ma ka haƙura sai cikin gari. Akwai wata dokarsu: wayar da aka shigo da ita daga waje, in ta yi kwana 120 da layin Turkiyya ba a yi mata rajista ba, za a toshe ta. Mu mazauna abin ya shafa, kai mai mako biyu babu ruwanka.

Filin yana wajen gari, kusan kilomita 40. A gida sai ka jira mai ɗaukarka ko ka yi shata, nan kuwa akwai jirgin ƙasa M11 da ya fara aiki a 2023, ga kuma bas ɗin Havaist. Da yake kana da kaya, ka hau bas mai zuwa Aksaray, daga nan Laleli da ƙafa ma za ka isa. Ka sayi katin Istanbulkart, da shi ake shiga jirgin ƙasa, bas ɗin gari har da jirgin ruwa. In tasi ta kama, ka tabbatar direba ya kunna mita.

Ka turo min ranar tasowarka da lambar jirgi, in Allah ya yarda zan nemi hutu in tarye ka.

Ƙaninka.