Katunan koyar da bambancin doka, ƙa'ida, al'ada da ɗabi'a: sun yi, amma da gyara

Kati 40 ne a kwalin, launi huɗu, kowane launi goma. A gaban kati akwai hali ɗaya, kamar tsallake jar danja, makara a makaranta ko gaida babba. A bayansa tambaya uku: wa ya kafa, wa ke tilastawa, mene ne hukuncin? Nan ƙarfinsu yake. Ɗalibi na gani da kansa cewa doka majalisa ke yinta, kotu ta yanke tara ko ɗauri, ita kuwa ƙa'idar makaranta iyakarta bakin ƙofa, kuma ba ta isa ta ture doka ba.

Katunan al'ada ne suka yi tuntuɓe. Sun ce hukuncinta tsegumi ne da ƙauracewa kawai, alhali a ƙasashe da dama kotu na aiki da dokar gargajiya kan aure, gado da filaye, muddin ba ta saɓa wa rubutacciyar doka ba. Sata ma an sa ta a launin doka kaɗai, bayan ɗabi'a ma ta hana ta. Malami ya ware irin waɗannan don muhawara.

Takardar ba ta da kauri, gara a yi mata laminatin.