Basketball Reference: shafin da ke raba gardamar ƙwallon kwando a majalisa

Mai bibiyar gasar NBA ta ƙwallon kwandon Amurka daga Gombe ya san wahalar. Wasan gida na Phoenix Suns da ake farawa ƙarfe 7 na yamma a can, ƙarfe 3 na dare ne a nan. Yawancin masu gardama a majalisar shayi ta Pantami ko Jekadafari guntayen bidiyo suka gani da safe, ba wasa ba. Shi ya sa Basketball Reference, shafin intanet na alƙaluman ƙwallon kwando, yake da amfani. Kyauta ne, kusan duk rubutu ne da alƙaluma, bai cin data irin na bidiyo.

A gwada shi da Suns ta kakar 2024-25. Abin da ke fara ruɗa mutane shi ne shafin yana kiran kaka da shekarar da ta ƙare, don haka 2025 za a nema. A saman shafin ƙungiyar za a ga sakamako: nasara 36, rashin nasara 46, ko wasannin share fagen shiga zagayen neman kofi ba ta kai ba, duk da tana da Kevin Durant da Devin Booker da Bradley Beal.

Kada a tsaya a jadawalin maki. Durant ya ci maki 26.6 a kowane wasa, Beal 17, wanda ya tsaya nan zai ce ai babu laifi. A duba layin yawan wasanni: cikin 82, Durant ya buga 62, Beal 53. Daga nan a gangara jadawalin albashi, a ga Beal ya karɓi sama da dala miliyan 50 a kakar. A nan hukunci yake. Mutum uku sun cinye kason kuɗin, sauran gurabun sai aka cike da masu ƙaramin albashi.

Sashen da ya fi kowanne daraja shi ne tarihin musaye, a ƙasan shafin kowane ɗan wasa. Na Durant ya nuna abin da Suns ta bayar don karɓo shi daga Brooklyn a Fabrairun 2023: Mikal Bridges, Cam Johnson, Jae Crowder, da damar zaɓen sababbin 'yan wasa ta zagayen farko har huɗu. Ma'ana, ko ƙungiyar ta faɗi ƙasa, ba ita za ta ci moriyar faɗuwar ba, domin ƙungiyoyin da suka zo ƙasa ne ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa. An sayar da gona tun kafin damina. Da aka tura Durant Houston a bazarar 2025, an karɓo Jalen Green da Dillon Brooks da zaɓe na 10, wanda ya zama Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu. Sai a jera abin da ya fita da abin da ya dawo, a auna.

Shafin yana da nasa naƙasu. Jadawalinsa faɗi gare su, a waya sai an kwantar da ita ana ja hagu da dama, tallace-tallace kuma na sa shi nauyi in sabis ya yi ƙasa. Turanci ne zalla, cike da gajerun haruffa da sai an danna a ga ma'anarsu. Bincike mai zurfi kuwa yana Stathead, wani shafin nasu wanda na kuɗi ne.

Babban giɓin shi ne lambobin ba sa bayanin doka. Ƙarƙashin yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da 'yan wasa, ƙungiyar da albashinta ya haye shinge na biyu ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanyo ɗaya mai tsada. Suns ta haye shi, ga shi kwantiragin Beal ya ba shi ikon ƙin duk wata musaya. Wanda bai san wannan ba zai yi ta cewa me ya hana a sayar da shi. Ƙarshe sallamarsa aka yi da biyan kuɗi, ya tafi Clippers. Haka ma alƙaluman tsaron gida na ɗan wasa ɗaya, ba abin dogaro ba ne sosai. Ƙwace ƙwallo da tare jifa ba su nuna wanda ake wucewa kullum. Gara a duba makin da ake ci wa ƙungiyar gaba ɗaya a kowane hari 100.

Mai neman Gombe Bulls ko Bauchi Nets kuma kada ya ɓata datarsa, gasarmu ta gida ba ta ciki.