Casio fx-92+ Spéciale Collège: gwajinta da manyan lambobi

Wannan na'urar lissafi tana daga cikin waɗanda iyaye ke nema a shagunan kayan karatu na Yamai idan yaro ya kusa jarrabawar BEPC, kuma tun da umarninta da Faransanci aka rubuta, ɗalibanmu ba sa shan wahalar gane maɓallanta. Abin da na fi so in auna shi ne aikin da aka rubuta wa Décomp, wanda ke warware lamba zuwa lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu.

Na fara da 8 589 869 056, wadda ita ce ta shida a jerin cikakkun lambobi, waɗanda in aka tara duk masu raba su, ban da lambar kanta, sai jimillar ta koma daidai da ita. Nan take allon ya nuna 2 mai ƙarfin 16 sau 131 071, amsa kuwa haka take. Sai na ba ta 4 294 967 297, lambar da masanin lissafi Fermat ya zaci ba ta rabuwa, har sai da wani masanin lissafin, Euler, ya nuna a 1732 cewa 641 na raba ta. Na'urar ta fito da 641, amma ta sa 6 700 417 cikin baka biyu.

Wannan bakan ne ya kamata malami ya yi wa ɗalibai bayaninsa da kyau, domin ba ya nufin lambar ba ta rabuwa. Ma'anarsa kawai ita ce na'urar ta kai iyakarta. Ba ta karɓar abin da ya wuce alƙaluma 10, kuma masu rabawa na ƙasa da 1000 kaɗai take gwadawa. Saboda haka 2 147 483 647, wadda Euler ya tabbatar a 1772 cewa ba ta rabuwa, da 1 022 117, wadda 1009 sau 1013 ce, duk cikin baka suke fitowa iri ɗaya, alhali jinsinsu daban ne. Yaron da bai san wannan ba zai kwafe amsa da gaba gaɗi, ya rasa maki a banza.

Ga aikin kwaleji, irin su PGCD (lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu daidai) da PPCM (lamba mafi ƙanƙanta da lambobi biyu ke rabawa daidai) da rabawa mai saura, ta wadatar ƙwarai, allonta kuma yana karantuwa sarai. Mai nazarin lambobi a Jami'ar Abdou Moumouni kam gara ya koma ga kwamfuta. Mai saye kuma ya nemi a kunna masa ita tun a shago, ya gwada 4 294 967 297 kafin ya miƙa kuɗi, domin akwai jabu a kasuwa masu kama da ta ainihi.