Kallon wasa daga falo a Omaha: amsar tambayar Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutan gida. Yaya sanyi? Namu nan Omaha, a jihar Nebraska ta Amurka, ya wuce a kira shi hunturu. Da asuba idan zan fita aiki sai na kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin in ga hanya.

Ka tambaye ni a saƙon murya ko mu ma muna da gidan kallo irin naka, kuma nawa ake biya. Na so in amsa maka a take, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babu gidan kallo a nan, Yaya. Ba za ka ga rumfar kwano da bencina, da allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli, da yaro yana karɓar naira ɗari biyu a bakin labule ba. Abin da ya ɗan yi kama da shi mashaya ce mai talabijin goma a bango, ka kuwa san wannan ba wurin zuwanmu ba ne. Saboda haka kowa a falonsa yake kallo, ni ma haka, daga Oktoba har zuwa wannan Disamba ta 2024 da muke ciki.

Talabijin ɗin ita ce mafi arha a cikin lissafin gaba ɗaya. Tawa mai inci 55 ce, na saye ta ranar rangwamen da suke yi washegarin bikin godiyarsu a ƙarshen Nuwamba, kuɗinta bai kai ladan aikina na mako guda ba. Idan ka kai ta gida ka ga ba ta yi maka ba, ka mayar da ita da rasit, a ba ka kuɗinka babu rantsuwa babu jayayya. Amma ranar da ta lalace bayan garanti ya ƙare, to ta tafi kenan, don kuɗin mai gyara ya kusa na sabuwa. Duk lokacin da na ga an ajiye wata a bakin bola nakan tuna yaran Beirut Road, waɗanda za su buɗe ta su canja abu ɗan mitsitsi ta ƙara shekara biyar. A wannan fanni mun fi su nesa ba kusa ba.

Wuta kuwa ba a ɗaukewa. Ban taɓa lissafin litar fetur kafin wasa ba, ban taɓa jin ihun nan na lokacin da janareto ya shaƙe ana tsakiyar bugun fanareti ba. Sau ɗaya na ga duhu na gaske, ranar 31 ga Yulin 2024, da guguwa ta karya itatuwa ta tsinka wayoyi, gidaje da shaguna sama da dubu 200 suka rasa wuta a yankin nan. Mu mun kwana huɗu a haka. A layinmu kaf mutum ɗaya ne mai janareto, naman da ke cikin firij duk muka zubar. Da a Kano ne da ko gezau ba wanda zai yi.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne tashoshi. Kai dikoda ɗaya gare ka, ka biya kuɗin wata, ka samu Firimiya da Laliga da Zakarun Turai. Nan an yayyanka wasannin an raba wa tashoshi daban-daban. Wasu kyauta suke, da ƙaramar eriya ta dala ashirin da ake mannawa a jikin taga za ka kama Fox da ABC da NBC da tashar gwamnatin jiha, hoto tas kamar ka taɓa. Sauran irin su ESPN da TBS da Big Ten Network sai ka sayi ƙunshin tashoshi, wanda ya haura dala 70 a wata, ban da kuɗin intanet da ke ɗauke da shi. Ka buga da canjin Disamba 2024 da dala ta wuce naira 1,500, za ka ga abin da nake biya don mutum huɗu su yi kallo ya isa ya riƙe gidan kallonka da bencinansa duka.

Akwai wani tarko da ya kama ni, ina faɗa maka don ranar da irinsa zai iso gida. Wani kamfani ya ce a gwada kallo kyauta na mako guda, amma sai ka sa lambar katin banki. Wasannin da nake so suka ƙare, na bar shi, ashe idan ba ka shiga ka soke da hannunka ba cirar kuɗi za su ci gaba da yi. Wata biyu suka cira kafin maman yara ta lura. Da na kira, na'ura ce ta yi ta amsa mini, danna ɗaya, danna uku, sai da na shafe kusan minti arba'in kafin na ji muryar ɗan Adam, shi ma wata ɗaya kawai ya mayar. A wurinka idan aka ɗauke hoto mutum zai zo ya tsaya a gabanka ya yi ƙorafi, ka ba shi haƙuri, gobe ya shiga kyauta. Wannan mu'amalar babu ita a nan.

To me nake kallo da duk wannan kuɗi? Za ka yi mamaki, ba ƙwallon ƙafa ba ce. Wasannin Ingila da safe suke zuwar mana, lokacin ina wurin aiki ko ina ramuwar barci. Abin da ya shiga raina shi ne besbol, da kuma ƙwallon raga ta 'yan matan jami'a.

Besbol wani dattijo ne a wurin aikinmu ya koya mini. Kullum lokacin hutu yana zaune da 'yar rediyonsa yana sauraron wasan Kansas City Royals, kamar yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake manne da labaran rana. Jihar Nebraska ba ta da babbar ƙungiya tata, don haka da yawa a nan Royals suke yi, tafiyar kamar awa uku ce a mota, kuma ƙaramar ƙungiyar da ke renon 'yan wasansu, Storm Chasers, a gefen garin nan take. Wasan kansa na haƙuri ne. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Idan ya dawo inda ya faro an ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye ƙungiya tana dukan ƙwallo har sai an fitar mata da mutum uku, kowace ƙungiya kuma wasa 162 take bugawa a shekara, kusan kullum tun daga bazara. Cikin ƙungiyoyi 30, guda 12 ne ke shiga wasannin fitar da gwani a Oktoba, kuma ba wasa ɗaya ake yi a sallami mutum ba. Da farko wanda ya riga cin biyu cikin uku, sannan uku cikin biyar, sannan huɗu cikin bakwai har zuwa kofi.

A 2023 Royals sun sha kashi sau 106. A 2024 suka farfaɗo suka ci 86, suka je Baltimore suka fitar da masu gida da ci 1-0 da 2-1. Wasan 1-0 ɗin nan, Yaya, ban taɓa zaton wasan da kusan ba abin da ke faruwa zai hana ni zama ba. A tsaye na ƙarasa shi, rimot a hannu. Daga nan New York Yankees suka fitar da mu da wasa uku da ɗaya. Na bi wasan ƙarshe tsakanin Yankees da Los Angeles Dodgers duk da haka, tunda a Fox yake, eriya ta wadatar. A daren farko, zagaye na goma bayan an yi kunnen doki a tara, Los Angeles Dodgers na baya da maki ɗaya, saura mutum ɗaya a fitar musu wasa ya ƙare, sai Freddie Freeman, da ciwon idon sawunsa, ya ɗaga ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo alhali duk tashoshi uku da mutum a kai. Maki huɗu a bugu ɗaya, aka tashi 6-3. Na daka tsalle na buɗe baki, sai na tuna yara na barci, maƙwabcin sama kuma zai iya kiran mai gidan haya. Na haɗiye ihun. A lokacin na yi kewar rumfarka fiye da kowane lokaci tun zuwana, da zafinta, da fankar nan mai ƙara, da gardamar da ake ci gaba da ita har teburin mai shayi.

Abu ɗaya da zan so a ce kana da shi: ana iya tsayar da wasa ana cikin yinsa. Idan Isha ta yi sai in danna, in yi alwala in yi salla a natse, in dawo in ci gaba daga inda na tsaya, in tsallake tallace-tallacen giya da caca da suka cika hutun wasa.

Ƙwallon raga ce ta kawo mini abokan kallo. 'Yarka babba ce ta jawo mu, tun bara da ta dawo daga makaranta ta ce kowa ya sa jar riga. Ranar 30 ga Agusta 2023 ce, aka shimfiɗa filin ƙwallon raga a tsakiyar Memorial Stadium da ke Lincoln, awa ɗaya daga nan, mutum 92,003 suka shiga kallon 'yan matan Jami'ar Nebraska. Babban filin wasa na Abuja kusan dubu 60 yake ci, ka auna. Adadin ya zarce 91,648 da suka kalli matan Barcelona da Wolfsburg a 2022. Ba kuma abin rana ɗaya ba ne. Sun ɗauki kofin ƙasa sau biyar, a 1995 da 2000 da 2006 da 2015 da 2017, kuma zaurensu mai cin mutum kamar dubu takwas cika yake yi a kowane wasa. Tikitinsa ya fi ƙarfin irinmu sai a hannun masu sake sayarwa, shi ya sa falo ya zama filinmu.

Mutum shida-shida ne, turmi biyar ake yi idan ta kai, kowane turmi maki 25, na biyar 15, kuma sai ka ba da tazarar biyu. Babu jan lokaci, babu faɗuwar ƙarya. Akwai guda ɗaya mai riga daban da sauran, aikinta kawai tare ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa. Ta Nebraska a kakar 2024 sunanta Lexi Rodriguez, ita 'yarka ke kwaikwayo. Sai ka ga yarinyar nan ta yi sufa a kan kafet, tafin hannu a shimfiɗe, ƙaninta yana jefo mata safa da aka dunƙule.

Na yi ta tambaya yadda aka yi wasan mata ya kai haka, aka ce mini tushensa wata doka ce ta 1972 da suke kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata, har da wasanni. Daga nan kuɗin koci da na zaure da guraben karatu kyauta suka fara isa ga 'yan mata. Yarinyar ƙauye 'yar manomin masara za ta iya yin digiri da ƙarfin hannunta. Wannan ya tsaya mini a rai, don na tuna makarantar su Auta, inda turakun raga biyu suke tsaye shekara da shekaru babu ragar babu ƙwallon.

Na san abin da Hajiya za ta fara tambaya, maganar sutura. Gaskiya kayan da 'yan jami'a ke sawa ba namu ba ne, kuma mun zauna da yarinyar mun yi magana. Ita da dogon wando da riga mai dogon hannu da hijabin wasa take bugawa, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. A 2020 an hana wata ɗaliba Musulma wasa a jihar Tennessee saboda hijabinta, aka yi ta magana, a 2021 hukumar da ke tsara dokokin wasannin sakandare ta gyara dokar, yanzu ba sai an nemi izini ba. Ka gaya wa Hajiya hankalinta ya kwanta.

Ranar 19 ga Disamba 2024 muka yi zaman da ba zan manta ba, wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa da Jami'ar Penn State. Maman yara ta yi mana shayi mai citta da dambun nama, maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta shigo da 'ya'yanta mata biyu, falo ya cika har da masu zama a ƙasa. Muka ci turmi biyu na farko, yara har sun fara rawa. Penn State suka ci na uku. A na huɗu muna gaba da tazara mai kyau, saura ƙiris, suka kamo mu suka ƙwace 28-26, suka ƙarasa na biyar 15-13. Ranar ban haɗiye komai ba, duk mun yi ihu, maƙwabcin sama ma jin ƙafarsa muke yi yana buga daɓe, ashe shi ma wasan yake kallo. 'Yarka ta yi kuka sosai. Bayan kwana uku Penn State suka doke Louisville suka ɗauki kofi, kocinsu Katie Schumacher-Cawley, wadda take jinyar sankarar mama duk tsawon kakar, ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin koci. Da na gaya wa yarinyar haka sai ta ce to ta yafe musu.

Ba zan ce ka saka wa mutanenka waɗannan wasanni ba. Yanzu awa bakwai ce tsakaninmu, wasan ƙarfe bakwai na yamma a nan ƙarfe biyun dare ne a Kano, ba wanda zai ƙona fetur a kansa. Amma akwai wani ɗan'uwa da zai zo gida bayan sabuwar shekara, na ba shi raga ɗaya da ƙwallaye uku da famfon hura su. Don Allah ka kai wa shugabar makarantar su Auta da hannunka, ka ce daga 'yarka ne, ita ta cire daga kuɗin da take tarawa. Idan an ɗaura ragar ka ɗauko mana hoto, tana ta tambaya.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce maganin ƙafarta ma yana cikin kayan. A gaida yaran gidan kallo, musamman mai rubutu a allo. Wassalam, ƙaninka.