Ƙararrawa Mai Tsayayyen Lokaci ko Mai Bin Cunkoson Hanya?

Ma'aikacin da yake kwana a Mararaba yana aiki cikin Abuja ya san cewa cunkoson motoci a Nyanya, kan hanyarsa ta shiga birnin, shi ne yake yanke masa lokacin tashi daga barci. Ƙararrawa mai tsayayyen lokaci, a ce ƙarfe 5:00, ba ta buƙatar intanet, sai dai ba ta san ranar da tirela ta faɗi ta tare hanya ba.

Zaɓi na biyu shi ne a haɗa manhaja irin Tasker, mai sa waya ta yi wasu ayyuka da kanta, da bayanan Google Maps, wanda yake auna cunkoso daga saurin tafiyar wayoyin da suke kan titi. Da asuba wayar za ta nemi tsawon tafiyar, ta ɗebe shi daga lokacin shiga ofis, ta ware minti 40 na wanka da karin kumallo, sannan ta saita ƙararrawar da kanta. Rauninta a fili yake, domin titin da ta gani wayam ƙarfe 4:30 zai iya cushewa kafin ƙarfe 6:30, kuma idan data ta ƙare cikin dare shiru za a ji. Shi ya sa nake ganin a bar tsayayyar a kunne kullum, a ba ta biyun ikon tashin mutum da wuri kawai.