Bindiga a Jami'a: Tsarin Texas ko na Kalifoniya?

Tun bayan harin Jami'ar Virginia Tech a 2007, inda aka kashe mutum 32, ake yawan tambaya a Amurka ko ya dace ɗalibi ya shiga aji da bindiga. Texas ta bai wa masu lasisi damar ɗaukarta a ɓoye a jami'o'in gwamnati tun 1 ga Agusta, 2016, ita kuwa Kalifoniya ta tsananta haramcin shiga jami'a da bindiga a 2015.

Ta fuskar gaggawa, hujjar Texas tana da ƙarfi, domin mahari kan gama ɓarna kafin 'yan sanda su iso. Ta fuskar haɗari kuwa, a ganina Kalifoniya ta fi dacewa, tunda fiye da rabin mace-macen bindiga a ƙasar kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa rabuwa da giya, faɗa da damuwar jarrabawa. Sai dai haramci yana buƙatar kashe kuɗi wajen ɗaukar masu gadi.

Tsarin Texas ya fi dacewa da manyan ɗalibai masu horo a harabar da ke nesa da taimako; na Kalifoniya kuma da jami'a mai cunkoson matasa da isassun jami'an tsaro.